Ƙyallen da Malam Bai Jefa Ba

Bana ma Agusta ya zo wa garinmu Greensboro, nan Amurka, da irin zafinsa, mai liƙewa a jiki kamar an shafa wa mutum kunu. Ranar Lahadin da ta wuce ina gidan 'yata Safiya a Summerfield, ina jan carbina a gefen kujera, mijinta Kabiru yana kallon ƙwallon Amurka, wannan da suke kira futbol amma da hannu ake ɗaukarta. Sai na ga ya zabura ya miƙe.

"Kai! Wannan rafali makaho ne? Mama, kin ga yadda ya riƙe masa riga? Ɗazu fa a kan abin da bai kai wannan ba suka ci tarar namu."

Na ce na gani. Aka maimaita wurin a hankali har sau huɗu, ta gaba, ta baya, ta sama. Na tashi na shiga kicin, alhali ba abin da na ɗora a wuta.

Kabiru bai sani ba, surukinsa marigayi, mijina Malam Isyaku, ya taɓa sa wannan riga ta rafali mai ratsin baƙi da fari. Ita kanta Safiya ba ta san komai a kai ba, don watanta biyar a lokacin.

Ƙarshen shekarun 1970 ne. Malam ya zo karatun digiri na biyu a fannin motsa jiki, ni kuma na biyo shi bayan shekara. A gida malamin makaranta ne a Zariya, kuma alƙalin ƙwallon ƙafa wanda kowa ya san ba sani ba sabo a wurinsa. Ya taɓa korar ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya daga fili, Innarsu ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. Da ya zo nan sai ya koyi wasan mutanen gari, ya ci jarrabawar alƙalanci, ya yi kaka biyu yana hura wa 'yan makaranta usur.

A shekarar da nake faɗa, kuɗin sukolashif suka daina zuwa tun bazara. A rubuta wasiƙa gida, shiru. A sake rubutawa, shiru. Muna zaune a unguwar Glenwood, ɗaki biyu a wani tsohon gidan katako, da fanka ɗaya wadda in ta juya hagu sai an buge ta ta dawo. Azumi ya kama a tsakiyar wannan zafin. Ba a shan ruwa sai ƙarfe takwas ta wuce. Iska ba ta motsi. Wasu ƙwari a kan bishiyoyi suna ta kuka kamar injin niƙa tun hantsi har magariba. In na shanya tsummokin Safiya da safe, da la'asar zan same su da danshi.

Abincinmu ɗan tsakin masara ne da ake sayarwa a kwali. Shi ne koko, da lemon tsami a madadin tsamiya. Shi ne tuwo. Nama kuwa, kantin unguwarmu duk alade ne, wanda ba alade ba ma ba mu san wa ya yanka ba. Malam ya ce in sha azumi tunda ina shayarwa. Na ƙi. Na ce masa ai ko na sha, abin da zan ci da rana shi ne wanda za mu yi buɗe baki da shi.

Wadda ta riƙe ni a lokacin ita ce Hajiya Mariya, 'yar Maraɗi, matar wani malamin jami'a. Tana da tsohuwar mota mai hayaƙi da baki wanda ba ya hutawa, Hausarta gauraye da Faransanci. Ita ta gano wani tsohon manomi a McLeansville da yake barin mutane su tsinke masa kuɓewa, a raba biyu. Talata da Alhamis sai ta zo da sassafe tana oda.

"Amarya, fito! Bon, ki ɗauko doguwar riga, kuɓewar Nasara ma ƙaiƙayi gare ta."

Sai in goya Safiya mu shiga kunya-kunya, jar ƙasa tana kama takalmi, hannu yana ƙaiƙayi har gwiwa, maƙogwaro kamar an zuba toka. Hajiya tana tsinka tana ba ni labarin matan unguwarsu, in yi dariya har jiri ya ɗebe ni. In mun dawo mu yayyanka, mu baza a kan zanin gado a baranda. Shirinmu mu busar da ita mu daka, mu sami miyar da za ta kai mu ƙarshen sanyi, kamar yadda iyayenmu suke yi. Ba mu yi tunanin cewa ranar wannan ƙasa ba ta busar da komai ba.

A cikin wannan hali aka kira Malam gwaji a gasar manya. Ba irin ta talabijin ba ce, ƙaramar gasa ce ta garuruwan jihar, amma ana biyan 'yan wasa, ana biyan alƙalai. Yawancin 'yan wasan ma'aikatan masaƙa ne, Asabar suke fitowa fili. Wasa uku za a gwada shi. In ya ci, yana cikin ayarin alƙalai har ƙarshen kaka, kowace Asabar da abin cefane. In ya faɗi, sai dai ya ajiye karatu ya nemi aikin ƙarfi. Ba mu da wata hanya ta uku.

A wannan wasa alƙali ba ya nuna kati. In ya ga laifi, wani ƙyalle rawaya yake zarowa daga ƙugu ya jefa inda aka yi. Ni na ɗinka wa Malam nasa daga tsohon gyalena, na ƙulla ƙwayoyin wake a tsakiya don ya yi nauyin tashi. Ni ce kuma mai yi masa bita. Bayan la'asar sai in ɗauki littafin dokoki, da ɗan Turancina na sakandare, in yi ta tambaya yana amsawa kamar hadda.

"In ya riƙe rigar wanda ba ya ɗauke da ƙwallo?"

"Laifi."

"In ya faɗa masa ta baya, ƙasa da ƙugu?"

"Babban laifi. Wannan shi ke karya ƙafa."

Har na fi wasu mazan sanin littafin. Ina alfahari da shi, ina ce masa alƙalanci amana ce, wanda ya gani ya yi shiru Allah zai tambaye shi. Da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Ranar wasan farko ya dawo kafin magariba, leɓɓansa sun tsage, rigar ta jiƙe sharkaf. Shugaban ayarinsu ne ya rage masa hanya, wani dattijo baƙar fata mai suna Mista Boyd, tsohon ma'aikacin gidan waya. Suka zauna a baranda, na kawo wa baƙon ruwan sanyi, na koma bayan ƙofa ina jin su.

"Ayzik," in ji shi, don haka yake kiran Malam, "yau kai kaɗai ka jefa fiye da mu duka a haɗe. In duk wanda ya taɓa riga za ka kama, to a fili za mu kwana. Ba a taɓa buga ƙwallo ba a yi riƙo ba. Zaɓa ake yi."

"Da me zan zaɓa? Littafin bai ce a zaɓa ba."

Dattijon ya yi dariya. "Littafi na ranar jarrabawa ne. Kana da talabijin? Kalli manyan, ka ga yadda ake yi."

Muna da wata 'yar ƙarama mara kala da muka saya a gwanjon ƙofar gida. A cikinta ƙyallen rawaya toka-toka yake fitowa. Muka mai da ita makaranta. Duk wasan manya da aka nuna, muna gabanta, littafi a cinyata, Malam da biro. Muna neman ƙa'idar da suke bi wajen zaɓar.

Ba mu same ta ba. Na ga an sa ɗan yatsa kawai an taɓa wani sanannen mai jifan ƙwallo, ƙyalle biyu suka tashi. Na ga an danne wani sabon yaro bayan ya riga ya saki ƙwallo, mutum uku a kansa, alƙali yana tsaye yana gyara hula. Abin da aka ci tara a farkon wasa, a ƙarshensa sai a bar shi ya wuce. Abin da aka hana wannan mako, mako mai zuwa ya halatta. Wata rana wani ƙato ya faɗa wa abokin karawarsa ta baya, a bayan gwiwa, daidai abin da na yi wa Malam bita. Ba wanda ya jefa komai. Masu sharhi har dariya suka yi, suka sake nuna wurin suna yaba ƙarfinsa.

Malam ya ajiye biro. "Rabi, kin ga abin da na gani?"

"Na gani."

"To wannan ne zan koya? Kasuwa ɗaya, mudu kala-kala, kuma ba a gaya maka wanda za a auna maka da shi."

A wasa na biyu ya yi ƙoƙari ya rage. Amma dab da tashi ɗan wasan da gari ke ji da shi ya ja wani ya kayar a gaban idonsa, ƙungiyar gida ta ci a kan haka, Malam ya jefa, aka soke cin. Ya dawo da lemo a bayan rigarsa, 'yan kallo ne suka watsa masa. Mista Boyd bai ko sauko daga mota ba. Ta taga ya ce, "Saura ɗaya, Ayzik. Ka taimake ni in taimake ka."

A makon aka fara ruwa. Ba irin namu ba mai zuwa da iska ya zuba ya ɗauke, a ji ƙamshin ƙasa. Wannan kwana biyar ya yi yana tsiyaya, sama kamar murfin tukunya. Bangon ɗaki ya yi gumi, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Na kwaso kuɓewar na baza a tsakar ɗaki, na sa mata fankar, mu muka haƙura da zafin. Ranar Laraba na ɗaga zanin, na ga duk ta yi farin gashi, tana yauƙi tana wari. Wahalar mako uku. Ni da Hajiya Mariya muka kwashe muka kai bola, ranar ko wasa ɗaya ba ta yi ba. Manomin ma ya aiko cewa gona ta cika da ruwa, kada mu zo.

Muna cikin goman ƙarshe. Ruwan nonona ya ja baya. Safiya ta kama ta saki, ta kama ta saki, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Na sha azumi kwana biyu, ba abin da ya ƙaru. Hajiya ta kawo mana shinkafa da madarar gwangwani, ta ce saura ne, na san ba saura ba ne.

Safiyar Asabar ina goge masa rigar. Ya idar da walaha yana zaune a kan sallaya. Ban kalle shi ba, idona a kan dutsen guga na yi magana.

"Malam, yau kaɗai. In ka gani, ka yi kamar ba ka gani ba."

Ya ɗago kai ya dube ni. "Ke ce kike faɗin haka, Rabi?"

"Ni ce. Su manyan ma haka suke yi, kai ka gani. Wasansu ne, ƙasarsu ce. In sun ɗauke ka, sai ka gyara a hankali."

"Jiya-jiya kika ce amana ce."

"Jiya-jiya yarinyar nan tana samun nono."

Ya kalli Safiya a kan katifa. Ya tashi ya karɓi rigar ya sa, ya soke ƙyallen a ƙugu, ya fita. Ban taɓa zuwa kallonsa ba, amma ranar zama ya gagare ni. Na roƙi Hajiya Mariya ta kai ni.

Ruwa ya ɗauke, rana ta fito da hucinta, tururi yana tashi daga ciyawa. Filin duk caɓi. Muka zauna can saman benci, mu biyu da mayafi a cikin mutane masu cin naman alade a burodi. Hajiya ba ta gane komai ba.

"Su waɗannan me ya haɗa su faɗa? Su ba su ƙwallo biyu mana kowa ya huta."

Ni kuwa ina ganewa, kuma da ma ban gane ba. Aka yi riƙo a gefen Malam, bai motsa ba. Na ce alhamdulillahi a zuciyata. Aka sake, bai motsa ba. Daga nan na lura da wani ƙato a ƙungiyar gida. Ya bi wani siririn saurayi na baƙi ta baya, ya faɗa masa a bayan gwiwa. Saurayin ya tashi yana ɗingishi, ya buɗe hannuwa yana kallon Malam. Na ga hannun Malam ya tafi ƙugunsa, ya taɓa ƙyallen, ya tsaya. Ya sauke shi.

Bayan hutun rabin lokaci ƙaton ya sake, a kan saurayin nan dai. Wannan karon hannun Malam ko tashi bai yi ba. Ƙaton ya waiwaya ya dube shi, ya gane yau an buɗe masa hanya.

Na ukun ina jin ƙararsa har yau. Daga inda nake zaune na ji, kamar an taka busasshen kara. Ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Sai ga ƙyalle uku a sama lokaci ɗaya, har da na Mista Boyd daga can nesa. Na Malam yana ƙugunsa. Ya durƙusa a cikin caɓi kusa da saurayin, sai da aka janye shi don masu ɗaukar marasa lafiya su wuce.

Bayan an tashi na sauko na tsaya kusa da shingen waya. Mista Boyd yana magana ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"A gefenka ne. Sau biyu kafin wannan. Da ka jefa a na farko, da ya shiga hankalinsa."

"Kai ka ce in zaɓa."

"Riƙon riga na ce. Ban ce ka tsaya a nakasa mutum ba."

"Wancan makon a talabijin an yi irinsa, ba a jefa ba. Dariya aka yi."

Dattijon ya cire hularsa ya share gumi. Na ga shi ma ba daɗi yake ji ba. "Wannan can ne. Ba zan iya koya maka ba, Ayzik. Abu ne da mutum yake tasowa da shi. Ka yi haƙuri, ba zan iya sa sunanka ba."

Hajiya ta mai da mu gida. Da magariba ta yi a agogonmu, don ba ladan a garin, na miƙa masa ruwa. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin.

Kwana biyu bayan nan aka yi Salla. Muka yi idi mu 'yan kaɗan a wani ɗakin taro na jami'a. Daga can Malam ya ce in raka shi asibiti. Sunan saurayin Curtis, a masaƙa yake aiki, a tsaye yake wuni gaban inji. Mun same shi ƙafa a rataye cikin filasta, mahaifiyarsa tana masa fifita da jarida. Likita ya riga ya gaya musu ƙwallo ta ƙare, tsayuwar aiki ma sai abin da hali ya yi.

Malam ya cire hula, da babbar rigarsa ta Salla, ya ce shi ne alƙalin gefen, ya ga na farko da na biyu bai jefa ba, ya zo neman gafara.

Curtis ya dube shi da mamaki. "Ai ba kai ka buge ni ba. Rafali kullum suna kuskure. Futbol ke nan."

"Ba kuskure ba ne. Na gani."

"To, ba komai, yallaɓai. Na gode da zuwa."

Uwar kuwa ba ta ce "ba komai" ba. Ta daina fifitar, ta yi ta kallonsa har muka fita. A bas Malam ya ce mini, "Bai ma gane abin da nake roƙo ba. Ta yaya zai yafe?"

A ƙarshen watan ya ajiye karatu, wai na zango ɗaya. Ya sami aikin lodi a wani sito. Abinci ya dawo gidan, Safiya ta yi kumatu, muka ƙara haihuwa uku, muka sayi gida. Digirin bai koma kansa ba. Ƙwallo kuwa, ko ta ƙafa irin tamu, in aka kunna sai ya tashi ya ba da wuri.

Na nemi gafararsa a ranar Sallar nan da muka dawo. Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini, ni na sa ka." Ya ɗago ni da hannu biyu ya ce, "Hannuna ne, Rabi, ba naki ba." Na sake roƙo da za mu tafi Hajji, amsar ke nan. Na sake a asibiti, mako guda kafin ya cika, lokacin magana tana yi masa wuya. Ya murmusa, ya ɗaga hannun damansa kaɗan daga kan bargo ya nuna mini.

Shekara talatin da shida muka yi tare bayan wannan Asabar, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa yi mini gori ba. Kalma biyu kawai nake nema, na yafe. Shi yana ganin in ya faɗa, ya ɗora mini laifin ke nan, don haka ya riƙe su har aka rufe shi.